Shirun Aji Biyu

Ramatu ta ɗaga taɓarya ta riƙe ta a sama, ta karkata kunne wajen katanga. In ban da kukan kurciya a kan rimin makaranta da tarin wani yaro can ciki, ba a jin komai. Ta yi tsaki, ta sauke taɓaryar da ƙarfin da ya sa gero ya fantsalo daga turmi, kaji suka rugo.

"Turmin dai bai yi miki laifi ba," in ji Iya, uwar mijinta, da ke zaune a bakin ɗaki tana tsince wake.

"Iya, ki saurara don Allah. Wai nan ɗaki ne cike da yara ana koya musu karatu. Ko gidan makoki ya fi shi motsi."

Katanga ɗaya ce ta raba gidan mijin Ramatu, Malam Aƙilu na Ƙofar Galadima, da makarantar firamare. Da can fili ne a wurin, awaki ke kiwo. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko kyauta, aka rasa inda za a zuba yara, sai aka gina jerin ɗakuna cikin gaggawa, na ƙarshensu ya zo ya tsaya dab da madafar Ramatu. Har yau ba a sa wa tagoginsa ƙyaure ba, bencin ma bai isa rabin aji ba. A wannan ɗaki aka sa Larai, 'yar farin Ramatu.

Shekarar farko ba wanda ya yi ƙorafi, don Malam Bahago ne ke riƙe da ajin, mutum mai maƙogwaro kamar na mai shela. In ya ce "Biyu sau biyu!" yara su amsa "Huɗu!" sai ka ji kwanon rufi ya ɗauka. Bulala kuwa ba ta hutawa. Larai ta dawo gida murya a dishe, wata rana da tabo a gwiwar hannu, kowa ya ce madalla. Mutanen birni sun san yadda karatu yake tun kaka da kakanni: makarantar allo daga nesa ake jinta, kuma wadda ta fi ƙara ita ake kai wa 'ya'ya. Da suka ji boko ma ta ɗauki wannan hanya, hankalinsu ya kwanta.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Malam Bahago yana da ɗaliba guda a bayan katanga. Ramatu ba ta taɓa taka ƙofar boko ba, amma da amon ajin nan take daka. Ta haddace "ba, be, bi, bo, bu" har zuwa "za, ze, zi", ta iya lissafi har gidan shida, tana maimaitawa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe. Ana cikin haka aka yi wa Malam Bahago canji zuwa ƙauye, ya tafi ya bar ta a ƙofar gidan bakwai. Aka kawo Malama Maimuna, wata yarinya 'yar Ƙofar Jatau da ta fito daga makarantar horon malamai. Tun daga ranar ajin ya mutu. Da safe a ɗan ji muryarta siririya, yara su amsa kaɗan, daga nan sai shiru har a kaɗa ƙararrawa.

Ramatu ta ji haushi ƙwarai, haushin wanda aka ɗauke wa ƙwarya yana tsakiyar sha. In ta ce wa Larai ta rera abin da aka koya musu, sai yarinya ta ce yau rubutu suka yi. Gobe ma rubutu. Ga murya garau, ga jiki ba tabo ko ɗaya. Sai Ramatu ta shiga mita. In ta kai wa Malam tuwo ta yi, in ta je suna ta yi, in maƙwabta sun leƙo ta yi, har magana ta zaga gidajen unguwa ta dawo da ƙarin gishiri: wai malamar barci take a aji, wasu suka ce saƙa take yi.

To, yau da safe mitar ta haihu. Malam Aƙilu mai aikin riguna ne, mutumin da zai yi wata yana kan ɗinkin aska ɗaya ta babbar riga bai gaji ba. Haka shawararsa take, ba ya gaggawa, in ya ƙulle zare kuma ba ya warwarewa. Ya sha kokonsa ya aje ludayi, ya ce, "Na duba maganar nan taki, kina da gaskiya. In an yi La'asar ni da su Alhaji Mamman za mu gidan hedimasta, a sake mana malami. Ita kuwa Larai ba sai ta jira ba. Hajara ta daɗe tana roƙon a ba ta riƙonta. Ranar Juma'a sai ta bi goggonta Kufena, ko tallan gyaɗa ta koya ya fi zaman banza."

Ramatu ta kama tattara kwanuka. Malama take so a sake, ba ta ce a ɗauke mata 'ya ba. Amma Larai 'yar fari ce, kuma kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce a gidan mutunci. Ko sunanta Ramatu ba ta taɓa faɗa ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". In ta ce a bar mata ita, a gaban uwar miji, ta zama abin faɗe har a bikin baɗi. Ga shi kuma wutar ita ta hura da bakinta. Sai ta kwashe kwanuka ta ce, "To, Malam."

Tun daga lokacin komai ta taɓa sai ya ji a jikinsa. Ta gama dakan nan da ƙyar, ta tsaya tana kallon tsanin da Malam ya aro don duba rufi kafin ruwan fari, yana jingine da soron Iya. Can sai ta shiga madafa ta fito da faifan yankakken tumatir.

"Ina zuwa?" in ji Iya.

"Shanya zan yi a sama. A ƙasa kaji ba sa bari."

"Matar aure a kan soro, da rana tsaka?" Iya ta dube ta, ta dubi katanga, sannan ta juya kujerarta ta ba tsanin baya. "Ni dai idona ya tsufa. Wake ma da ƙyar nake gani."

Ramatu ta hau, ta durƙusa a bayan rawanin soro don kada a hango ta daga hanya. Rabonta da ganin gari da rana haka tun tana budurwa. Ga rimaye, ga rufin gidaje jajaye, ga dutsen Kufena can ya tsaya kamar yana jira. Ta kau da kai daga gare shi, ta leƙa tagar da ba ta da ƙyaure.

Malamar ba barci take ba, ba kuma saƙa. Ta tuɓe takalmi ta aje a bakin ƙofa, tana ratsa yaran da ke zaune a ƙasa a hankali, kamar mai bi ta cikin shanyar hatsi. Ta durƙusa nan ta kama hannun wannan, ta matsa can ta goge wa wancan allo da gefen mayafi. Wasu yaran sun haɗa kai a kan guntayen kwalin sukari da aka yi wa zane, suna jera su suna sakewa. Zufa ta jiƙe wa malamar baya sharkaf. Ramatu ta ga dai ana wahala, amma wahala daban, karatu daban. Ita har yanzu ba ta ji komai ba.

Sai ta hango Larai a ƙasa kusa da bango, harshe a waje, tana zana wani abu a ɗan allonta. Da ta gama sai ta faki idon malama, ta tura wa Hadiza, 'yar maƙwabcinsu Sabo mai faci. Hadiza ta duba. Nan take ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza don dariya.

Ramatu ta ƙura ido. Bakin Larai bai motsa ba, ta tabbata. Ba ta yi gatsine ba, ba ta yi nuni ba. To mene ne ya tashi daga wannan yarinya ya shiga cikin waccan har ya ba ta dariya? Ta sauko tana wannan tunani, sai da ta taka ƙasa Iya ta tuna mata ta baro faifan a sama, tumatirin ma ba ta baza ba.

Da aka tashi makaranta ta aika aka kira Hadiza. Ta ce wa Larai, "Ke, shiga ɗakin Iya. Iya, don Allah ki toshe mata kunnuwa, kada ki saki sai na kira."

"Yau kuma wane bori ne ya hau ki?" in ji Iya, amma ta ja jikar tata suka shige.

Ramatu ta zaro gawayi daga murhu ta miƙa wa Hadiza, ta nuna mata bangon da aka shafe da farar ƙasa da salla. Ita dai ba za ta iya bambance rubutun kirki da tafiyar kaza ba. In ta ba yarinya takarda ta ce karanta, ko ƙarya aka shirga mata sai ta haɗiye. Amma abin da ta faɗa da bakinta ai ta san shi. Ta sunkuya ta yi wa Hadiza raɗa a kunne. Yarinyar ta yi ƙyaƙyata, ta juya ga bango. Ta daɗe tana yi, ta goge wani wuri da yawu ta sake, layin ya karkace ya gangara ƙasa.

"To, a sako ta."

Larai ta fito tana murza kunne. Ta tsaya gaban bangon, ta ɗora yatsa a gefen hagu, ta fara ja a hankali. "I-ya ta-na ɓo-ye go-ro a ƙar... ƙar-ƙa-shin tu-lu."

"La ilaha illallahu," in ji Iya. "Wane munafuki ne ya gaya wa bango?"

Yaran suka faɗi ƙasa don dariya. Ramatu kuwa ba ta yi dariya ba, tsigar jikinta ce ta tashi. Maganar da ta raɗa a kunne ɗaya ta sauka a bango ta fito ta wani bakin, ba ta zube ko kalma ba. Ta sake gwadawa, wannan karon Larai ta rubuta Hadiza ta karanta, nan ma daidai. Sai kunya ta rufe ta, ta tuna irin sunayen da ta kira malamar mutane a gidajen biki. A bayan kunyar kuma tsoro, don inuwa ta fara juyawa, Malam kuma yana zaure bai san komai ba.

Ta dubi Iya. Ba ta iya roƙo ba, ta dai tsaya tana murza bakin zane. Iya ta gyara zama ta ce, "Hadiza, je ki zaure ki ce wa Aƙilu uwarsa na kira."

Malam ya shigo da farar riga a saɓe, allura soke a hula. Iya ta ba shi labari, ta tsallake wurin goro. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi bangon ya kaɗa kai. Shi da ajami ya saba, waɗannan ƙugiyoyin ba su ce masa komai ba.

"Iya, yara ne fa. Sun haɗa baki tun a hanya. Hadda ce, ko aku ka koya wa zai yi."

"To kai ka faɗi naka," in ji Ramatu, idonta a ƙasa. "Abin da ba su taɓa ji ba."

Ya yi ɗan murmushin mai son a gama ya koma bakin aiki. Iya ta sake jan Larai ɗaki. Malam ya sunkuya kan Hadiza, kuma da yake ya tabbata ba abin da zai fito, bai tsaya neman wata magana ba, ya raɗa mata abin da ke bakin zuciyarsa tun safe. Hadiza ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi dariya ba. Ya ce, "Rubuta mana." Ta rubuta.

Larai ta fito da fara'arta, tana jin daɗin yau Baba ma zai gani. Ta ɗora yatsa.

"La-rai za ta ta-fi Ku-fe-na ra-nar Ju-ma'a." Ta tsaya, ta waiwayo tana murmushi, a zatonta ziyara ce. Ba wanda ya mayar mata da murmushin. Ta koma ga bango, murya ta fara sirancewa. "Ta bar ma... ta bar ma-ka-ran..."

Ba ta ƙarasa ba. Yatsan ya tsaya a wurin, hawaye suka gangaro, ba ta ko yi ƙara ba. Ramatu ta yunƙura za ta nufe ta. Ƙafarta ta yi taku ɗaya ta tsaya, ta juya ta kama gyaran itacen murhun da ba ya bukatar gyara.

Malam Aƙilu ya dubi 'yar tasa. Shi mutum ne da ko tuwo zai ci sai ya wanke hannu sau biyu kafin ya koma ga zare, gawayi kuwa ko kusa da shi ba ya zuwa. Ya sauke rigar ya miƙa wa Iya, ya je ya sa tafin hannunsa a bangon ya murje rubutun nan kakaf, har hannun ya yi baƙi ƙirin.

"Ban zaci za ki iya ba, uwata," ya ce, da sunan da yake kiranta in ya so lallashi. "Laifina ne. Juya baya, ki toshe kunnenki da kanki."

Ta juya tana shessheƙa. Ya sake sunkuyawa kan Hadiza. Wannan karon Hadiza da sauri ta rubuta. Larai ta share ido da bayan hannu, ta karanta, tana jan hanci tsakanin gaɓa da gaɓa: "La-rai ta-na nan gi-da. Go-be a-kwai ma-ka-ran-ta."

"Ita Hajara fa?" in ji Iya. "Ka riga ka aika mata."

"Ni zan je da kaina in ba ta haƙuri." Ya dubi hannunsa, ya dubi matarsa da ke fama da itace. "Ke kuma da kika ce malamar barci take?"

"Ni ma ji na yi," in ji Ramatu.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Malam. Abin da ya ruɗe ni ke nan."

Iya ta yi dariya har da tari.

Ana idar da La'asar sai ga sallamar Alhaji Mamman a zaure, da muryoyin wasu iyaye a bayansa, kowa ya sha rawani don zuwa kai ƙara. Malam ya leƙo tsakar gida ya ce wa yaran, "Ku ɗebo gawayi ku biyo ni." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Gidan hedimasta dai sai mun je. Yara na zaune a ƙasa, taga ba ƙyaure, ga damina ta kusa. Wannan ko kurma ya gani."

Suka fita. Ramatu ta kasa kunne wajen zaure kamar yadda ta saba kasawa wajen katanga. Da fari gardama ce, kowa na magana a kan maganar wani. Sai aka yi shiru mai tsawo. Yanzu ta san abin da ke cikin irin wannan shiru, har ta sami kanta tana riƙe numfashi. Can sai dariyar manya ta fashe, ana jin Alhaji Mamman yana rantsuwa ba wanda ya taɓa sanin wannan sai shi da Mahaliccinsa, a sake, a sake.

Iya ta shige ɗaki da carbinta. Tsakar gida ya rage daga Ramatu sai kaji. Ta matsa gaban bangon. Daga hagu yatsan yarinyar ya fara, ta lura, ba daga dama ba kamar allo. Ke nan wannan 'yar tawagar ta farko, kafin a bar fili, ita ce sunan 'yar tata. Shekara guda ta yi tana rera "la, le, li" a kan turmi, ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ashe ga "la" nan, sanda mai ƙafa da wata 'yar ƙwarya a gefenta.

Ta waiwaya, ba kowa. Ta tsinci guntun gawayin da ya faɗi, ta durƙusa can ƙasa kusa da tulu inda ido ba ya saurin kaiwa, ta fara kwaikwaya. Gawayin ya fi taɓarya wuyar riƙo. Sandar farko ta karkace, ƙwaryar ta fi ta Hadiza girma sau biyu, ɗigon ƙarshe ya tafi gefe. Tana ɗagowa ta duba na sama, ta sunkuya ta gyara, har ba ta ji takun ƙafa ba.

Larai ce aka aiko ɗaukar wani gawayin. Ta tsaya a bayan uwarta, ta leƙa ta kan kafaɗarta. Leɓenta ya motsa a hankali, ba sauti. Ta dubi baƙin yatsun uwar, ta sake duban bangon.

"Na'am, Inna," ta ce.

Ramatu ba ta waiwayo ba. Ta miƙa mata guntun gawayin ta kan kafaɗa.

"Ke, ana jiranki a zaure," ta ce. "In kin dawo, ki nuna mini gidan bakwai."